Kati Huɗu da Gwangwanin Wake

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar nan ta tsakiyar damina ba, da Dakta Nanret ta shigo ɗakin kundaye, lemarta na ɗigar ruwa, da kwalin fararen katuna a hammata, ta ce min, "Mama Asabe, ajiye tsintsiyar nan. Yau ƙirgar malamai za mu fara."

Na ce, "Ƙirga kuma? Ai na san su duka. Har wanda ba ya shan sukari na sani."

Ta yi dariya ta ce ba irin wannan ƙirgar ba.

Bari in fara faɗa wa yaranmu sababbin ɗauka ko ni wace ce. Na shiga aiki a sashen nazarin ƙasa da ruwa na wata babbar makaranta a nan Jos a matsayin mai shara, mataki na ɗaya, ƙasan kowa. Boko aji huɗu na yi aka cire ni. Na san baƙaƙe, ina karanta suna, ina sa hannu, shi ke nan. Daga baya aka ƙara min girma aka ba ni mabuɗin ɗakin kundaye, wato inda ake ajiye littattafan da ɗalibai ke rubutawa kafin a ba su digiri na biyu ko na uku. Aikina in buga musu hatimi, in jera, in goge, in ba wanda ya zo dubawa, in kuma dafa shayi idan ana taro. Ni ba mai yawo ba ce. Daga Anguwan Rogo sai ofis, daga ofis sai Anguwan Rogo. Amma kunnena yana yawo, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Abin da ya kawo Dakta Nanret shi ne wata takarda daga ofishin shugaban tsangaya. An samo sababbin kwamfutoci, ana neman ɗakin da za a zuba su, kuma an ce a cikin ɗakunan gwaji uku na sashenmu za a karɓi ɗaya. Wanne? Wanda aikinsa bai da tasiri. Da me za a auna tasirin? Da ambato.

Ga yadda ta bayyana min ambato, kuma haka na riƙe shi. Duk malamin da ya yi rubutu, a ƙarshe sai ya jera sunayen waɗanda ya ɗebo ilimi daga littattafansu. Wannan jerin shi ake kira manazarta. Duk lokacin da sunanka ya fito a jerin wani, an ambace ka ke nan, an ba ka ɗaya. Mai yawan ambato shi ne babba. Na ce mata, "To, kamar biki ne. Ana duba taron da ya zo maka." Ta ce kusan haka.

Kowa a sashen ya san ɗakin da ake hari. Ɗakin gwajin ruwa ne, na Baba Davou.

Baba Davou babban lakcara ne, mataki biyu ƙasa da farfesa, kuma a nan ya tsaya har ya yi ritaya, domin bai cika buga takardu ba. Aka riƙe shi a kwantiragi, ana sabuntawa duk shekara, saboda ɗakin nan kawai. Idan ɗakin ya tafi, Baba ya tafi. Rayuwarsa duka a kan ruwan kududdufan nan ne da masu haƙar kuza suka bari, irin waɗanda ake gani ta wajen Rayfield. Shi ya san wanda za a iya ba dabba, da wanda za a yi ban ruwan dankali da shi, da wanda ko hannu bai kamata a sa ba. Abin da ya rubuta kuwa ɗan littafi ne siriri mai bangon shuɗi, wanda aka buga da tsohuwar na'urar ofis, duk ya sha hannu ya yi laushi kamar tsumma. Daga Gada Biyu yake zuwa kullum da tsohon babur, kuma Hausarsa irin ta dattawan nan ce, namiji da mace duk "kai" ne. Shekara da shekaru yana ce min, "Asabe, ka kwana lafiya?" Ban taɓa gyara masa ba.

Da farko kwamfuta aka tambaya. Dakta Nanret ta buga sunansa, kwamfutar ta ɗan yi tunani ta ce ba ta san shi ba. Ita kwamfuta abin da aka ɗora a intanet kaɗai take ƙirgawa, littafin shuɗi kuwa bai taɓa fita daga Jos ba. Sai Dakta ta roƙi kwamiti a bar ta ta ƙirga da hannu, daga kundayen ɗalibai da mujallar sashe, tunda su ne masu shiga ɗakunan gwajin. Aka ba ta mako uku.

Haka muka zauna. Ita ta buɗe bayan kundi ta rubuta suna da shekara a kati, ni in karɓa in jera bisa harafin farko, in haɗa masu suna ɗaya in ɗaure da roba. Akwai dokoki. Idan kundi ya kira takarda ɗaya sau goma, kati ɗaya ne. Idan mutum uku suka haɗu suka rubuta takarda, kowa da katinsa, amma na farko a sa masa ɗigo. Idan kuma malami ya ambaci kansa, sai a ware katin gefe, ba ya shiga lissafi.

Na ce, "Me ya sa?"

Ta ce, "Mama Asabe, in kika ce miyarki ta yi daɗi, shaida ce?"

Na ce, "Tawa kam shaida ce. Amma na gane."

Turawa ne suka fi tsayin kati, wasu ɗaurinsu ya kai kamu guda. A cikin namu na gida, shugaban sashe, Farfesa Sambo, wanda muke kira Oga, shi ne a gaba. Nasa ɗauri biyu ne ma: wanda mutane suka ambace shi, da wanda ya ambaci kansa, kuma in ka tsaya daga nesa ba za ka ce ga babba ba. Ban yi mamaki ba. Sau nawa ina zuba masa shayi ina jin yana ce wa ɗalibi, "Aikin ya yi kyau, amma ban ga ka duba takardata ba"? Ba laifi ba ne, kusan duka haka suke yi. Baba ne kaɗai na taɓa ji ɗalibi ya tambaye shi yadda zai rubuta sunan littafinsa, ya ce, "A'a, bari kawai. Je ka wanke kwalaben."

Da muka gama mako na biyu, katin Baba Davou huɗu ne. Ko roba ba su buƙata.

Ranar Juma'a ya leƙo da leda cike da dankalin gonarsa, kamar yadda ya saba kawo min. Ya dubi teburin ya ce, "Ina nawa?" Ni na nuna masa. Ya ɗauka, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Huɗu? Kai, sun yi ƙoƙari. Allah ya yi musu albarka." Ya ajiye su a hankali. Da zai fita ya juyo ya ce, "Asabe, in ka samu kwalaye marasa komai, ka ajiye mini. Kwalabe suna da yawa."

Wannan maganar kwalayen ita ta bi ni gida.

Ranar Lahadi da hantsi ina tsakar gida ina tsince wake, jikokina suna ta ɓarna, ni kuwa hankalina yana kan kati huɗu. Abin bai zauna min ba, domin ni na san ina ganin sunan nan. Ina ganinsa kullum. To a ina? Sai na tsaya da tsintar.

A nan sai na tona wa kaina asiri. Kowane kundi yana da wani shafi a gaba, shafin godiya, inda ɗalibi ke gode wa waɗanda suka taimake shi. Malamai ba sa karanta shi. Ni kuwa shi kaɗai nake karantawa. Dalili kuwa, shekarun baya wata ɗaliba mai ciki da nake ajiye wa kunun gyaɗa a filas ta sa sunana a nata. Da ta nuna min, sai da na shiga bayan kanta na share ido. Tun daga ranar, duk kundin da ya shigo, kafin hatimi sai na buɗe gaba na bi da yatsa ina neman Asabe. Turancin ba na ji, amma suna ba ya ɓace min. Kuma a hanyar neman nawa, kullum sai na yi karo da na Baba.

Litinin na taho da rabin mudun wake da gwangwanayen madara da na wanke. Na liƙa wa kowanne suna, ban da guda ɗaya. Duk lokacin da Dakta ta tafi aji, sai in sauko da kundaye in buɗe shafin godiya. Sunan wanda na gani, in jefa masa ƙwaya ɗaya. Inda na ga Davou kuma, in karya tsinken tsintsiya in soke a littafin don kada ya ɓace min. Na bi dokarta ma: ko sau uku aka kira mutum a shafi ɗaya, wake ɗaya ne.

Rana ta uku ta dawo da wuri ta kama ni.

"Mama Asabe! Alale za ki yi mana a ofis?"

Na ce, "Zauna, 'yata, ki ga nawa lissafin."

Na jera mata gwangwanayen. Na Baba ya cika har na fara masa na biyu. Ta duba, ta dubi kantocin da tsinkaye suka fito musu kamar bushiya. Sannan ta girgiza kai. "Abin ya taɓa ni, wallahi. Amma godiya ba ambato ba ce. Mutum yana gode wa wanda ya ba shi masauki, da wanda ya buga masa aiki. Kwamiti dariya za su yi mana."

Na ce, "To. Miƙo min wancan jan, na kanta ta uku."

Ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Nata ne. Kundin digirinta na biyu.

Na ce, "Buɗe gaba."

Ta buɗe. Layi uku cur na Baba ne. Na ce ta fassara min. Ta karanta murya ƙasa ƙasa: ubanmu, malaminmu, wanda ba don shi ba da wannan aiki bai yiwu ba.

"Buɗe baya, wajen harafin D."

Ta buɗe. Babu.

"Yanzu faɗa min, ruwan da kika gwada, da hanyar wa kika gwada shi?"

Sai Dakta guda, mai digiri uku, ta rufe fuska da kundi kamar amarya. Ta ce, "Mama Asabe, kin kashe ni."

"Ban kashe ki ba. Amsa nake jira."

Ta ce, "Na rubuta sunan a farko, wallahi na rubuta. Amma kin san yadda ake ambato? Suna tsirara ne, sai shekara. Ba Baba, ba Dakta, ba komai. Davou, kawai! Kamar ina kiran ƙanena. Mutumin da ya ɗauke ni a babur zuwa kududdufi sau ba adadi, ya tsaya a matsayin uba ranar aurena? Na duba na ga abin ya yi min nauyi, sai na goge, na kai shi gaba inda zan iya girmama shi. A baya kuma na sa sunan wani Bature. Shi ba zai ji haushi ba, bai san ni ba."

Na ce, "Ashe kunya ce ta cinye masa kati."

Ba ita kaɗai ba ce. Na sha jin ɗalibai a baranda suna wannan shawarar, ban dai san illarta ba sai ranar. Wasu kunya, wasu kuma an gaya musu littafin da ba a buga a kamfani ba yana rage wa kundi kwarjini. Malaman da suka ce a ambace su, an ambace su, tunda su suka ba da izini. Wanda bai nema ba, aka biya shi da addu'a.

Sai na ga idon Dakta ya canza, irin na mai aiki. Ta ce, "Wakenki ba zai shiga rahoto ba. Amma tsinkayenki za su nuna min inda zan duba." Ta aika aka karɓo littafin shuɗi. Kowane kundi yana da babi na uku, inda ɗalibi ke faɗin yadda ya yi gwajinsa. Ta riƙa buɗe babin tana gwadawa da littafin Baba, layi da layi. Ruwan kududdufan kuza yana da jar laka, kuma akwai yadda Baba ya tsara a bar shi ya kwanta, a tace, kafin a auna, abin da babu shi a littafin Baturen. Duk kundin da ta ga wannan tsarin a ciki ba tare da sunan mai shi ba, sai ta rubuta masa koren kati. Inda godiyar ta babur ce kawai ko ta nasiha, ta zare tsinken ta ba ni abina. Ta zare da dama, kuma ban yi gardama ba. Aikinta ne, ta fi ni saninsa. Koren katin farko da ta rubuta kuwa na kundinta ne.

Ranar zaman kwamiti, Alhamis da ƙarfe goma, na shiga da shayi kamar kullum. Shugabar zaman Farfesa Hanatu ce daga ofishin tsangaya, mace mai tabarau a kan hanci, ba ta son dogon zance. Baba yana can ƙarshen tebur, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci.

Dakta Nanret ta fara da fararen katuna, ba ta rage komai ba. Ta ce na Baba huɗu ne. Sannan ta ɗora koraye, ɗauri guda mai kauri, ta bayyana yadda aka same su, har da nata. Farfesa Hanatu ta ce, "Wa ya ba ki shawarar duba shafin godiya?" Dakta ta nuna ni, ina tsaye da butar shayi a hannu. Ba shiri aka sa na koma na ɗauko gwangwanaye a kan faranti.

Oga Sambo ya kwashe da dariya. Ya ce, "Madam, in godiya za mu ƙirga, ai Allah ne na ɗaya."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ban ma fara ba, buhu ba zai isa ba. Iyaye su ma na bar su."

"To ni ina nawa?"

Na miƙa masa. Ya leƙa. Ba laifi, ya wuce rabi. Na ce, "Duk ɗaliban da ka duba sun gode maka, ko ɗaya bai tsallake ba. Shi Baba, da naka da na kowa ne suka haɗu a kansa."

Farfesa Hanatu ta ɗaga wani gwangwani da ba shi da suna. "Wannan fa na wa?"

Na so ƙasa ta buɗe. Na manta ban cire shi ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan na mai shayi ne."

Ta ajiye shi kusa da na Oga, ta sunkuya ta dubi wannan ta dubi wancan ta saman tabarau, ta ce, "Farfesa, ka yi hattara, ana bin ka a baya." Ɗakin ya kaure da dariya, har da Oga, wanda ya ce daga yau shi ma zai fara dama kunu.

Da aka natsu, ta ɗauki kundi uku da hannunta, ba wanda Dakta ta zaɓa ba, ta gwada babi na uku da littafin shuɗi. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta yanke hukunci. Wake ba hujja ba ne, kada a rubuta shi. Korayen katuna hujja ne, a sa su a rahoto a ƙarƙashin amfani da aiki ba tare da ambato ba. Ɗakin gwajin ruwa ya tsaya, a sabunta kwantiragin Baba. A gyara littafin shuɗi a buga shi a ɗora a intanet, kuma duk ɗalibin da ya bi hanyar, dole ya sa sunan a manazarta, ko yana jin kunya ko ba ya ji.

Hannun Baba kawai na ga yana shafa gefen tebur.

Sai wani ya ce, "To kwamfutocin fa, ina za a kai su?"

Farfesa Hanatu ta ce, "Wannan ɗakin da aka yi ƙirgar, na ji an ce yana da faɗi."

Jama'a, ɗakina! Wakena ya ceci ɗakin Baba ya cinye nawa. Cikin mako biyu aka kwashe kantoci, aka rasa inda za a kai ni da kundayena, sai Baba ya ce akwai wuri a bayan ɗakin gwajinsa. Kwalayen da na tara masa don kwalabe, da su aka kwashe kayana. A can na ƙarasa shekarun aikina, tsakanin kundaye da kwalaben jan ruwa, ina yi masa faɗa kada ya sake ya wanke su a butar shayina.

Waken kuwa ban yi asararsa ba. Na kai gida na wanke na yi alale na kawo ofis. Oga ya ci ƙulli biyu, ya ce nasa rabon ne yake karɓa.

Abin da na koya a aikin nan, ku masu tasowa, shi ne ƙirga ba ta ƙarya, amma inda aka aike ta nan kaɗai take zuwa. An aike ta bayan littafi, mutanenmu kuwa manyansu a gaba suke ajiyewa. Kafin ku ce wane ba shi da kowa, ku tambaya a wane shafi aka duba. Ku kuma ɗalibai, ladabinku yana da kyau, amma na ga ranar da ya kusa raba dattijo da ɗakinsa.

Bayan wata shida kundin farko ya shigo a sabuwar doka. Kafin in buga hatimi na kai wa Baba, na buɗe masa baya wajen harafin D. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Davou," ya ce. "Davou kawai? Ko Baba babu? Kai, yaran yanzu!"

Yana faɗa yana murmushi, ya ƙi sakin shafin. Can sai ya yi gyaran murya, ya ce, "Asabe, duba gaba mana. Ko sun cire ni a can?"

Na buɗe. Yana nan, layi biyu, da Babansa da komai.

"To kai fa?"

Na ce, "Baba, ai nawa na fara dubawa tun a baranda."